Zariya da littattafanta: amsa ga mai shirin ƙaura

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an sauya maka wurin aiki zuwa Zariya, kana tambayar littattafan da suka fi kwanta mana a rai, da kuma ko garin yana da harkar adabi da za ta riƙe mai son karatu, ko kuwa sai mutum ya riƙa shiga motar Kano duk ƙarshen mako. Na yi karatu a Samaru, daga baya na daɗe ina koyar da Hausa a wata sakandare a Tudun Wada, don haka abin da na gani zan faɗa maka.

Ta fuskar adabi, Zariya gida biyu ce, kuma mutanen gidajen ba su cika leƙa juna ba. Akwai ta Birni da Tudun Wada, wadda ta ginu a kan makarantun zaure, da ajami, da rubutacciyar waƙa, da maɗaba'a. Akwai kuma ta Samaru, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta raya tun kafuwarta a 1962, inda zane da sassaƙa da wasan kwaikwayo suka fi ƙarfi. Duk wanda ya tsaya a ɗaya zai ce maka garin ba shi da komai, alhali rabinsa kawai ya gani.

Littafin da ba na gajiya da shi shi ne Magana Jari Ce, kuma a garin da za ka koma aka rubuta shi. Hukumar Talifi da Rupert East ya jagoranta ita ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja, sannan ta jawo Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina ya zo Zariya ya rubuta juzu'an nan uku. Shi ne kuma ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, kafin a kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Abin da ke jan ni ga littafin ba labaran ba ne, domin da yawansu ya ɗebo su daga tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa ya yi musu rigar Hausa. Harshen ne. Na sha karanta wa ɗalibai shi da murya a aji, sai in ga yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya sun yi tsit, saboda jimlarsa tana tafiya yadda dattijo ke ba da labari a dandali, ba tuntuɓe ba ƙaƙale. A ganina har yau ba a sami marubucin zube da ya kamo shi a wannan fanni ba, ko da yake na san masu sha'awar littattafan zamani za su yi mini ca.

Na biyu shi ne Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Wannan kuwa ina ba ka shawarar ka fara jin ana rera shi kafin ka nemi bugaggen, domin don kunne aka tsara shi, kuma a cikin Birni ba za ka rasa dattijon da ya haddace baitocinsa ba. A can ne kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tsohon Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, wanda ake ɗaga kai a kalli bakan gizon rufinsa kafin wani sashensa ya rufta a 2023.

A Samaru, Sashen Zane na jami'ar ya gaji ƙungiyar ɗaliban da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa a 1958, waɗanda suka ƙi yarda a koya musu zane irin na Turawa zalla ba tare da fasahar gida ba. Gumakan da ɗalibai suka sassaƙa suna nan a fili kowa na iya gani, kuma baje kolin 'yan ajin ƙarshe ya cancanci a ɓata masa yini. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim.

Inda garin ya gaza shi ne kasuwar sababbin littattafai. Yawancin shaguna sun koma sayar da littattafan jarrabawa, don su ne ke kawo kuɗi, tsofaffin bugun kamfanin buga littattafai na Arewa (NNPC) kuwa sai ka yi sa'a wajen masu shimfiɗa littattafai a bakin titi, kuma idan ka ga wanda kake nema ka saya nan take, domin gobe ba lallai ka tarar da shi ba. Sababbin ƙagaggun labarai kam har yanzu Kano ce cibiyarsu, matasan marubutan Zariya da dama ma a WhatsApp suke sakin nasu shafi-shafi. Don wannan kaɗai za ka buƙaci motar Kano, shi ma ba kowane mako ba.