Tambaya da Amsa: Ina Iyakar Katikis Wajen Kawo Misalan Gida Cikin Bayanin Nassi?

Tambaya: Ni katikis ne a wata ƙaramar majami'ar Katolika a ƙauye, a Kudancin Kaduna. Fada yakan zo mana sau ɗaya a wata, sauran Lahadi ni ke karanta nassi in yi bayani. Ina son kawo misalai daga zamanmu na yau da kullum, amma ina tsoron in faɗi abin da Ikilisiya ba ta koyar ba. Kwanan nan wani matashi ya tare ni da Markus 6:3, ya ce tunda an ambaci 'yan'uwan Yesu, ai Maryamu ta haifi wasu 'ya'ya. Ina iyakar take?

Amsa: Malam katikis, sannu da hidima. Tsoron nan naka alheri ne, amma kada ya hana ka misali. Ikilisiya da kanta ta buɗe wannan ƙofa. A Yawunde, cikin 1995, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa hannu a takardar Ecclesia in Africa, wadda ta nemi Bishara ta kafa saiwa cikin al'adun Afirka. Sharaɗin shi ne ma'ana ta riga misali zuwa.

Takardar Dei Verbum ta 1965, wadda Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar a kan Maganar Allah, ta ce a fara bincika abin da marubucin ya nufa, da irin rubutun da ya yi. Zabura waƙa ce, ba a karanta ta kamar dokar Littafin Firistoci. Katikisim, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, daga lamba 112 zuwa 114, ya ba da ma'auni uku: a karanta aya tare da dukan Littafi Mai Tsarki, cikin koyarwar da Ikilisiya ta gada, kuma kada bayanin ya ci karo da sauran gaskiyar bangaskiya.

Mu gwada su a kan tambayar matashin, domin a nan Hausa ta taimake ka ƙwarai. Ɗan baffanka da ɗan kawunka, me kake kiransu? 'Yan'uwa, ko da yake ba cikin uwa ɗaya kuka fito ba. Haka Yahudawa suke magana. A Farawa 13:8 Ibrahim ya ce wa Lutu su 'yan'uwa ne, alhali Lutu ɗan Haran ne, ɗan'uwan Ibrahim. Markus 15:40 kuma ya nuna wata Maryamu dabam a matsayin uwar Yakubu da Yusufu, sunaye biyu daga cikin waɗanda ke 6:3. Sai ka kai shi Yohanna 19:26-27, inda Yesu a kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirinsa. Ka tambaye shi: a gidan da akwai 'ya'ya maza a raye, wa ke miƙa uwa ga bare? Kiristoci da yawa na wasu ɗarikoki suna da wata fahimta, saboda haka ka yi bayanin cikin natsuwa, ban da gori.

Wani lokaci kuma al'ada ce ke rufe ma'anar. Manomin gero da ya saba sara rami da sungumi zai ji misalin mai shuka a Markus 4 ya ce wannan mutum almubazzari ne, yana zubar da iri a kan hanya. A Falasɗinu, a zamanin Yesu, watsa iri ake yi. Ka ce masa kamar yadda ake yafa acca, nan take zai gane.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da karin magana mai daɗi, sannan a shiga neman ayar da za ta dace da ita. Da haka ake tanƙwara nassi. Ka fara karanta darussan Lahadi tun Litinin, da addu'a. Ka duba abin da ya haɗa karatu na fari da Bishara, domin don ita aka zaɓe shi. Ka rubuta saƙon cikin jimla ɗaya. Idan ya ƙi shiga, ba ka gama shiri ba. Sai a ƙarshe ka nemi misali. Paparoma Francis, a Evangelii Gaudium ta 2013, ya ce wa'azi mai kyau yana da tunani ɗaya, motsin zuciya ɗaya da hoto ɗaya, kuma a 2024 ya ce kada ya wuce minti 8. In akwai tafinta, lokacin ninkuwa yake yi, sai ka rage naka.

Iyakar ita ce abin da Almasihu ya kafa. Kana iya kwatanta zumuncin jibin Ubangiji da iyalin da ke cin tuwo a akushi ɗaya, amma a kan bagade doka ta 924 cikin kundin dokokin Ikilisiya ta ce gurasar alkama da ruwan inabi, ba a musanya su. Misalin da ka yi shakkarsa kuwa, rubuta shi ka ajiye har ranar da Fada zai zo, ku duba tare kafin jama'a su ji.