Tambaya da Amsa: Dutsen Gwal a Tsakar Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana ya shiga haƙar gwal bana. Yakan shigo da buhun duwatsu, ƙannensa su zauna su farfasa a tsakar gida. Ina da goyo, ga kuma wanda na yaye mai shekara biyu. Da na ce ina tsoron irin abin da ya faru a Zamfara, sai aka ce wannan tsohon zance ne, kuma gwal ba guba ba ne. Don Allah ina gaskiyar take? Daga wata uwa, ƙasar Birnin Gwari.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaran. Gwal kam ba guba ba ne, amma gwal ɗin da ke cikin buhun nan ko cikin cokali bai kai ba. Sauran duk dutse ne, kuma abin da dutsen ya ƙunsa shi ne ya hana ni barci da na karanta wasiƙarki.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Amai, ciwon ciki, sai jijjiga. Yara fiye da 400 suka rasu kafin a shawo kan abin. Dalma ce, wadda ke zaune tare da gwal a jijiyar dutse ɗaya.

Amma me ya sa ta yi kisa haka? Nan aikin masu ilimin sinadaran ƙasa da duwatsu ya shigo. Masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ƙarƙashin Geoffrey Plumlee, sun binciki dutsen da ƙurar gidaje da ƙasar wurin niƙa, suka fitar da sakamako a 2013. Asalin dalmar tana cikin wani dutse mai ƙyalli da ake kira galina, wanda ba ya saurin narkewa. Sai dai ruwan sama da iska sun daɗe suna cin jijiyar tun kafin a haifi kakanninmu, har suka mayar da kaso mai yawa wani nau'i mai saurin narkewa. Masanan suka haɗa ruwa mai tsami irin na cikin ɗan Adam, suka zuba garin dutsen a ciki, sai ga dalmar ta narke nan da nan. Wato abin da yaro ya lasa a yatsa ba ya wucewa ya fita, jini yake shiga. Injin niƙa kuwa ƙara wa Barno dawaki ya yi, don iya laushin gari iya saurin narkewarsa. A wasu gidaje ma turmi ɗaya ya daka dutse ya daka gero.

Jikin yaro yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, musamman in cikinsa ba abinci ko yana da ƙarancin jini. Wanda ya tsira ma yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa.

Batun tsohon zance kuma, dalma ba ta ruɓewa, shara ba ta kawar da ita. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka binne a rami, aka zuba sabuwa. Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Anka da abin ya shafa, ba ta samu nata aikin ba sai 2013. Shekara biyu bayan haka, 2015, abin ya sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Ba kowace jijiyar gwal ke da dalma ba, amma ido ba ya rarrabewa. Akwai wata na'ura ta hannu, XRF, da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar cikin ɗan lokaci. Kafin a samu mai aunawa, ki roƙi maigida cikin lalama: dutse ya tsaya a wurin haƙa, can za a fasa a niƙa. Ya yi wanka ya canja kaya da takalmi kafin ya ɗauki yaro. Ki riƙa wanke musu hannu kafin cin abinci, a yayyafa ruwa kafin shara. Ku je asibiti ki faɗi aikin babansu ƙarara, ki nemi gwajin dalma a jini, tun ba a ga alama ba.

Abu ɗaya kuma, tunda kina da goyo. Galinar nan ita ce galibin dutsen da ake niƙawa a yi kwalli. An taɓa auna wanda aka kai Boston daga Najeriya, bayan ya cutar da wani jariri, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ni ma da kwalli mahaifiyata ta rene ni, kuma da ƙauna ta yi. Amma ki ɗauke wa jaririn nan shi, in kakarsa ta tambaya ki karanta mata wannan shafin.