Tambaya da Amsa: Madubin hangen taurari uku aka nuna mini, wanne zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Daura. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya ce zai sayo mini madubin hangen taurari, ya turo hotuna uku ta WhatsApp in zaɓa. Na farko dogo ne siriri, an rubuta 70/700 a jikinsa, kwalin kuma ya ce yana ƙara girman abu sau 525. Na biyu gajere ne mai ƙiba kamar turmi, 130/650. Na uku ɗan dunƙule ne, an rubuta Maksutov 90/1250. Babur nake hawa, kuma burina in riƙa kai shi makaranta yara su ga wata. Zuciyata ta fi karkata ga mai 525 ɗin.

Amsa: Wa'alaikumussalam Malam. Ka janye zuciyarka daga 525 ɗin nan tun kafin ƙanenka ya zare kuɗi. Ni ma irin wannan lambar ta taɓa cin kuɗina a wani shago a Kano, nawa kwalin ma 675 ya ce. Na dawo Katsina ina ɗoki, bayan isha'i na kafa shi a tsakar gida, na tara iyali. Abin da muka gani wani farin dusu-dusu ne yana rawa kamar fitilar mai shayi a iska. Uwargida ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Malam, ai da idona na fi ganinsa," ta koma ɗaki.

Lambar farko a jikin madubin, wato 70 ko 130 ko 90, faɗin bakinsa ne a milimita, kuma ita ce jarinka. Aikin madubin tara haske ne, kamar yadda ake tarar ruwan sama: mai baho ya fi mai kofi samu. Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce, ka ninka faɗin bakin sau biyu, iyakar ƙarin girman da zai yi maka amfani ke nan. Mai 70 ba zai wuce sau 140 ba, ko kwalin ya rantse. Kuma a sararin samaniyarmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu da hazo ke rufe gari, sau 100 ma sai an yi sa'a.

Dogon siririn nan gilashi ne a bakinsa yake tara hasken, irin wanda masanin taurari Galileo ya ga watanni huɗu masu kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) da shi a Janairun 1610. Ba shi da laifi a kan kansa: a rufe yake, ƙura ba ta shiga, ba ya son gyara. Matsalarsa ƙafafu. Irin waɗanda ake rubuta wa 525 kusan kullum a kan ƙafafu uku marasa ƙwari suke zuwa, yaro ɗaya ya taɓa, wata ya gudu, sai ka yi minti biyar kana lalube.

Mai kama da turmin shi ne ƙirar masanin kimiyya Isaac Newton ta 1668. Madubi ne mai lotsawa a gindinsa, hasken ya faɗa ya dawo kan wani ƙaramin madubi, kai kuma ka leƙa ta gefe. A cikin ukun shi ya fi tara haske, ya ninka mai 70 fiye da sau uku, don lissafin da faɗin fili ake yinsa, ba da tsawon layi ba. Irinsa nake da shi yanzu, kuma ba na ɓoye cewa shi nake so. Na kan ɗora shi a kan durom ɗin ruwa da na kife, in juya shi da hannu ɗaya. A daren da sama ta wanke bayan ruwan Satumba, Kaza da 'Ya'yanta da ido ke ƙirga shida ko bakwai sai ka ga sun zama gomomi, farare tas. Amma bakinsa a buɗe yake. Sati biyu na hunturu ka manta ba ka rufe ba, za ka tarar da madubin ya yi fari kamar ƙafar ɗan tallan da ya yini a kasuwa, kuma ba a goge shi da gefen riga, ya karce ke nan har abada. Ga shi madubansa biyu suna gocewa in ya sha jijjiga, sai an zauna an daidaita su da 'yan kusoshin baya. Abin koyo ne, ba wuya, amma ka yi tunanin yin haka duk ranar da ka sauko daga babur, yara arba'in na tsaye a kanka.

Shi ya sa, kai dai, na ce ka ɗauki na ukun. Ƙirar wani Barashe ce, Dmitri Maksutov, ta 1941: gilashi a gaba, madubi a baya, hasken yana naɗewa a ciki, shi ya sa gajere ne amma yana aikin dogo. A rufe yake ruf, yana shiga jakar goyo, ba kasafai yake gocewa ba, kuma wata da Mushtari da zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal (Saturn) su ne abincinsa. Aibinsa biyu. Yawanci ya fi tsada, sannan filin da yake nunawa ƙunci gare shi, Kaza ba za ta shiga da 'ya'yanta duka ba. Ka ce wa ƙanenka ya tabbata ƙafafun masu nauyi ne, ko da za a rage wani abu a ƙara a nan.

Saura gilashin leƙe, ɗan abin nan da ake zurawa a sa ido. Shi ke yanke ƙarin girman. Ka raba lamba ta biyu ta jikin madubin da lambar da ke kan gilashin: 1250 a raba da 25 ya ba da 50, a raba da 10 ya ba da 125. Ka ga ƙaramar lamba ita ke ba da babban girma, abin da ke rikita kowa da farko. Waɗannan biyun sun ishe ka shekara guda. A sau 50 wata zai shigo gaba ɗayansa da ramukansa, kuma ka fi ganinsu a daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin da inuwa ke kwance a bakin ramukan, ba daren sha huɗu ba da haske ke shafe komai. Ka duba kaurin gindin gilashin ya zama inci 1.25, ba 0.965 ba, don na biyun tsohon yayi ne, samun na kirki a girmansa wahala ne. Wanda aka rubuta Plössl ya wadatar. In ka ga H20 ko SR4 a kwali, alamar kayan araha ce. Da yara kuwa ka tsaya a kan mai 25, don mai ƙaramar lamba sai an manna ido, kuma na sha goge kwallin jikokina a kan nawa.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a Katsina. Irin wannan madubin zai taimaka wajen ganin jinjirin watan azumi?

Amsa: 'Yata, wanda ya fi dacewa da wannan shi ne mai ido biyu da ake riƙewa a hannu, 7x50 ko 10x50, don yana ɗaukar fili mai faɗi, kina share yamma da shi har ki dace. Babban madubi sai kin riga kin san daidai inda watan yake. Sharaɗi ɗaya ba na sassautawa: kada ki ɗaga shi sai rana ta faɗi gaba ɗaya, don leƙa rana ta cikinsa na ƙona ido nan take, kuma ba ya warkewa. Hukuncin gani da na'ura na malamai ne, sanarwa kuma ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, wanda ya gani ta hannun hakimi yake kai labari. Ki nemi wurin da gini bai tare yamma ba, saman bene ya isa, ba sai an fita bayan gari da magariba ba. Ki jingina gwiwar hannu a kan katanga saboda rawa. In Zara tana yamma a lokacin, ki fara daidaita madubin a kanta har ta zama ɗigo ɗaya, sannan ki gangaro wajen da rana ta faɗi.