Hukuncin Zuwa Darussan Scientology

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Amurka. Wani abokin aikina ya kai ni cibiyar Scientology, na biya kuɗin darasi saboda damuwar da ke hana ni barci. Sun ce ba sai na bar Musulunci ba. Daga baya aka ba ni wasu gwangwanaye biyu masu waya na riƙe, aka ce in tuno abin da ya same ni kafin a haife ni. Shin addini ne na gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa. Addinin da Allah yake karɓa sananne ne, ba sai na jawo maka ayoyi ba. Wannan na Scientology kuwa L. Ron Hubbard, marubucin ƙagaggun labarai, shi ya assasa shi a shekarun 1950. Amurka ta yafe musu haraji a 1993 a matsayin addini, kotun Faransa kuma ta same su da laifin damfara a 2009. Duk wannan lissafin gwamnatoci ne, ba shi ke halattawa ko haramtawa ba.

Inda na tsaya a tambayarka shi ne maganar kafin haihuwa. Aƙidarsu ce cewa rai yana barin jiki ya shiga wani, ya yi ta zagayawa. Wannan ƙaryata tashin ƙiyama ne, kuma malamai ba su yi saɓani a kan kafircinsa ba. Komawarka wurinsu haramun ce.

Akwai masu cewa horon tunani ne kawai, kamar zuwa wurin likita, a ɗauki mai amfani a bar saura. Ban yarda ba. Likita ba ya shardanta maka yarda da wata rayuwa da ta gabata kafin maganinsa ya ci. Su kuwa darussansu hawa-hawa ne, kowane da kuɗinsa, na saman a ɓoye suke sai ka kai. To ta yaya za ka tace abin da ba a nuna maka ba? Masu shiga rundunarsu ta Sea Org alkawarin yi musu hidima na shekara biliyan ɗaya suke sa wa hannu, kuma wanda ya yi imani da kabari da hisabi ba zai ɗauki wannan alkawari ba. Har umartar mabiyi suke ya yanke hulɗa da danginsa idan suna sukarsu.

Kai dai ba ka fita Musulunci ba matuƙar zuciyarka ba ta gaskata ba. Ka yi istigfari, kada ka ƙara biyan ko kwabo. Ka sani abin da ake faɗa a irin wannan zama rubutawa suke su adana, saboda haka ko sun kira ka, kada ka ƙara buɗe musu cikinka.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. Ka ga likita, ka riƙe azkar ɗin kwanciya, ka kusanci limamin masallacinku. Abokin aikin naka kuma kada ka ƙaurace masa, wataƙila shi ma damuwa ce ta kai shi. Wallahu a'alam.