Me ya sa na ture Led Zeppelin na ɗauki faifan da ba wanda ya sani

Ɗana, na ga saƙonka tun da asuba, kana tambaya wai jiya da muka je duba faya-fayen marigayi malamin nan da yayi karatu a Ingila, me yasa na ture faifan Led Zeppelin, shahararriyar ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, gefe na zauna ina ta juya wani May Blitz da ko sunansa baka taɓa ji ba, har na saye shi da tsada fiye da sauran. Wallahi naji daɗin tambayar nan, a shago bana samun sukunin yi maka bayani saboda kwastomomi, toh bari in rubuto maka ka karanta a tsanake.

Wancan na Led Zeppelin ɗin shine na huɗunsu, wanda ya fito a Nuwamba 1971, ko suna basu sa masa ba, hoton tsoho ne kawai ɗauke da damin itace a baya. Kiɗan ciki babu mai ja da shi, ni kaina har yau in na ɗora allura a kansa sai tsigar jikina ta tashi. Amma an buga shi miliyoyi, an sake bugawa an kuma sakewa, duk ƙasar da ka shiga zaka same shi. Abin da ake nema shine bugun farko na Ingila, tambarin tsakiyarsa ja ne da wani jan garura mai duhu, lambarsa 2401012. Na jiya kuwa kore ne da ruwan lemo, lamba K50008, kaga na baya ne kenan. Zai sayu, mai son saurare zai ɗauka yaji daɗinsa, sai dai ba shi zai sa wani ya bugo maka waya daga Landan ba.

Shi kuma May Blitz, mutum uku ne, biyu 'yan Kanada da mai ganga Tony Newman wanda yayi aiki da Jeff Beck, faifai biyu kacal suka yi, 1970 da 1971, kasuwa bata karɓe su ba suka watse. Tunda ba a saya ba, ba a buga da yawa ba, wanda aka buga ɗin ma yara sun karce wasu, rana ta lanƙwasa wasu, wasu an zubar, yau shekara 50 da ɗoriya masu nemansa sun fi faifan yawa. Kuma ka lura da abin da na fara dubawa, tun kafin in karanta sunan mawaƙan idona na kan tambarin. Gefe ɗaya babu rubutu ko ɗaya, sai zanen baƙi da fari mai zagaye, in faifan na juyawa ka ƙura masa ido sai kaji jiri na ɗibarka, sunayen waƙoƙin duka an tattara su a ɗaya gefen. Wannan shine tambarin Vertigo na asali, reshen kamfanin Philips, daga 1969 zuwa 1973 suka yi amfani da shi sannan suka canza zuwa mai hoton kumbo. Black Sabbath ma nan suka fara, faifansu na farko ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970 ya fito, Paranoid ya biyo baya a Satumba. Duk inda kaga zanen nan mai juya kai a cikin tarin tsofaffin kaya, ko baka san mawaƙin ba ka cire shi gefe ka kira ni, ko Affinity ne ko Cressida ko Tudor Lodge.

Kar kuma ka ɗauka tsada ita ce daɗi. Akwai ɓoyayyun faya-fayen da in ka saurara zaka gane dalilin da yasa aka ƙi sayensu tun farko, ƙarancinsu kawai ake biya. Akwai kuma waɗanda rashin sa'a ce ta binne su, kamar Growers of Mushroom na Leaf Hound da kamfanin Decca ya fitar a 1971 bayan ƙungiyar ta riga ta watse, mawaƙinsu Peter French ya koma Atomic Rooster, babu mai tallata shi babu mai hawa dandamali dashi, alhali jitar ciki da muryar zasu iya zama layi ɗaya da manyan lokacin. Yanzu na asalinsa dubban fam ake saye. Shi yasa nake matsa maka ka dinga saurare kana gyaran garmaho, mai sayar da faifan da bai san abin da ke ciki ba kwastoma na gane shi cikin minti biyu.

Toh yanzu aikin hannu, nan nafi so ka buɗe kunne. In ka zaro faifai kar yatsanka ya taɓa layukan, ka tallafe shi da gefe da tsakiya. Ka fita dashi bakin ƙofa inda haske yake ko ka haska tocila a karkace, karcen da ido ke gani amma farce baya jinsa yawanci allura zata wuce, wanda farcenka ya maƙale a ciki kuwa zai dinga ƙas ƙas duk zagaye, farashi ya faɗi kenan. Sannan ka duba filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da tambari, akwai ƙananan lambobi da aka buga ko aka zana da hannu, su ke gaya maka yanka na nawa ne, wato karo na nawa aka yanka uwar faifan da ake buga sauran da ita, galibi ƙaramar lamba ita ce ta farko. Wani lokacin ma mai yankan yana sa hannu, George Peckham yakan rubuta Porky ko Pecko Duck, kuma zaka ga hakan a bugun farko na wancan Led Zeppelin ɗin. Masu sake bugu suna iya kwaikwayon kwali tsaf, amma a wannan wurin asirinsu ke tonuwa.

Kwali ma kuɗi ne, wani lokacin rabin kuɗin. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, Maris 1973, da fosta biyu da sitika biyu ya zo, in babu su ka rage farashi, bugun farkonsa kuma alwatikan da ke kan tambarin cike yake da shuɗi, na baya zanen gefensa kawai aka bari. Sticky Fingers na Rolling Stones na 1971 zif na gaske ne a jikin kwalin, ka duba ko yana nan, ka kuma duba faifan sosai don zif ɗin kan danne shi in an jibga su kan juna. Dalilin da yasa nake faɗa maka kullum a tsaye ake jera faifai kenan, nesa da taga. Na taɓa barin wani Deep Purple a mota da rana tsaka a watan Afrilu, kafin in idar da sallar azahar ya lanƙwashe kamar faranti, har yau abin na min ciwo. Wanki kuma da tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi, kana bin zagayen layin, banda fetur banda kananzir, sipirit kuma ko kusa kar ya je jikin tsofaffin faya-faye masu juyawa sau 78 a minti, narkar dasu yake.

Wani abu da yaran yanzu ke wucewa, suna ta hangen na Turawa alhali na gida na gabansu. A 1973 Paul McCartney a Legas ya ɗauki yawancin Band on the Run, a sitidiyon EMI na Apapa, Ginger Baker, mai ganga ɗan Ingila, ma yana da nasa sitidiyon a garin. A shekarar ce Ofege, 'yan makarantar St Gregory's, suka fitar da Try and Love, BLO suka fitar da Chapter One, rok ne sosai da jita mai kuka amma gangar tamu ce. Waɗannan nan ƙasar aka buga su, a gidajen Sabon Gari da Kaduna da Jos suke kwance cikin akwatuna, kuma da wuya ka samu mai tsafta don an ci biki dasu har sun gaji, saboda haka mai kyau ɗaya Turawa da 'yan Japan rububinsa suke. In ka gansu ka riƙe su da hannu biyu kamar yadda kaga na riƙe May Blitz.

Ka kuma ga ban ɓoye wa iyalan marigayin ba, na ware musu shi nace wannan yafi sauran daraja, ga abin da zan iya biya. Kayan marayu ne, bana son in ci riba da rashin saninsu, kuma ka gani da idonka kafin mu fito babban ɗan yace akwai wani akwatin a gidan ƙanin babansu.

Gobe in Allah ya kaimu ka riga ni zuwa shago, ka fito da kwalin jiya gaba ɗaya, kowane faifai ka rubuta min kalar tambarinsa da lambar kwali da lambar da ke filin santsin nan, gefe biyu. May Blitz ɗin kar ka ɗora shi a garmahon gwaji, allurarsa ta cinye, ka bari in zo da sabuwa mu saurare shi tare.