Na yi yunƙurin kashe kaina, Allah ya tsamo ni: ina matsayin aurena da sallolina?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce, shekarata 24. Wata uku bayan haihuwata ta fari na shiga wani hali: ba barci, ba cin abinci, kuka ba dalili, har zuciyata ta riƙa raya min cewa jaririyata za ta fi hutawa idan babu ni. Wata rana na sha maganin ƙwari. Maigidana ya garzaya da ni asibiti, na yi kwana huɗu ban san inda kaina yake ba, biyu daga ciki likitoci ne suka sa ni barci saboda na'urar numfashi. Yanzu an sallame ni, ƙafafuna ba ƙarfi, ina shan maganin likitan ƙwaƙwalwa. Wani malami a unguwarmu ya gaya wa surukata wai na kafirta, aurena ya warware, sai na sake shahada an sake ɗaura aure, sannan in yi azumi sittin. Ya kuma ce in bar maganin asibiti, aljanu ne. Tun daga ranar maigidana ya ƙaurace wa ɗakina. Malam, haka ne? Sallolin kwana huɗun nan fa? Kuma Allah zai karɓi tubata?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yata, sannu da jiki. Alhamdu lillahi da Allah ya bar mana ke, ya bar wa jaririyarki uwa. Tun kafin mu shiga hujjoji ki riƙe wannan: ke Musulma ce, aurenki na nan daram, babu azumi sittin a kanki, kuma kada ki ajiye maganin nan. A nuna wa maigidanki wannan amsa a yau, kada a bari sai gobe.

Haramcin kashe kai ba abin jayayya ba ne, yana cikin manyan zunubai, kin sani na sani, wasiƙarki ma shaida ce kin sani. Abin da ke buƙatar tsayawa shi ne maganar kafirci, domin a kanta aka gina duk sauran. A mashhurin mazhabar Malikiyya ridda tana raba aure, saki ne ba'ini. Wannan malami ya ɗauko hukuncin ridda ya ɗora a kan abin da ba ridda ba, sai ya raba miji da matarsa a daidai lokacin da ta fi bukatarsa.

Na san hujjarsa. Hadisin Abu Huraira ne a Bukhari da Muslim, inda aka ce wanda ya kurɓi guba ya kashe kansa, gubarsa na hannunsa yana kurɓa a wutar Jahannama yana mai dawwama. Akwai kuma hadisin Jundub na mutumin da ya kasa jure rauninsa ya gaggauta ajalinsa. Hadisai ne ingantattu, ba wanda ke musunsu. Sai dai wanda ya karanta su ya rufe littafi bai gama karatu ba. A cikin Sahihu Muslim ɗin nan dai, ba da nisa da su ba, Jabir ya ruwaito labarin wani mutum daga ƙabilar Dausu da ya yi hijira tare da Ɗufail ɗan Amru. Ya yi rashin lafiya a Madina, ya kasa haƙuri, ya ji wa hannuwansa ciwo har ya rasu. Ɗufail ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawar kama, amma ya rufe hannuwansa. Mutumin ya ce masa Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai an ce masa ba za a gyara abin da ya ɓata ba. Da aka ba Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, labari sai ya ce: “Ya Allah, hannuwansa ma ka gafarta musu.” To, Annabi yana nema wa kafiri gafara ne, bayan Allah ya hana shi a Suratut Tauba? Saboda haka ne aka sa wa hadisin babi a Muslim da cewa dalili ne a kan wanda ya kashe kansa ba ya kafirta.

Shi ya sa malaman Sunna suka fassara “dawwama” ta hanyoyin da Imam Nawawi ya kawo: ko ana nufin wanda ya ƙudurta cewa halal ne, ko ana nufin daɗewa, ko kuma wannan ne sakamakon da ya cancanta in ba Allah ya yi afuwa ba. Imam Tirmizi ma ya kawo ruwayar da babu kalmar dawwama a cikinta, ya ce ita ta fi inganci, domin nassoshi sun tabbatar ana fitar da masu tauhidi daga wuta. Aya ta 48 a Suratun Nisa'i ta yanke magana: shirka ce ba a gafartawa, abin da bai kai ta ba yana ƙarƙashin ganin damar Allah. Idan malamin ya ce ai Annabi ya ƙi sallatar wani da ya kashe kansa, sai a ce masa ƙwarai, amma bai hana sahabbai ba, tsawatarwa ce ga masu rai, kamar yadda ya taɓa ƙin sallatar mai bashi. An ruwaito daga Imam Malik a Mudawwana cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla, a yi masa duk abin da ake yi wa mamatan Musulmi. Kafirta mutum da babban zunubi aƙidar Khawarijawa ce, ba ta Malik ba, ba ta Shafi'i ba, ba ta Abu Hanifa ko Ahmad ba.

Duk wannan fa a kan wanda ya mutu ake magana. Ke kina raye. Allah yana karɓar tuban bawa matuƙar rai bai zo gargara ba, kuma ko Khawarijawan ba su rufe wa mai rai ƙofar tuba ba. Kin yi nadama, kin bari, ki ƙudurta ba za ki koma ba, shi ke nan. Babu wata shahada da za ki sake gaban jama'a, babu sabon sadaki, babu waliyyi. Azumin wata biyu a jere kuwa kaffarar kisan kuskure ce a aya ta 92 ta Nisa'i, kuma a nan ba a rasa rai ba. Ɗora wa mai shayarwa da ta fito daga hannun likitoci azumi sittin cutarwa ce tsagwaronta.

Akwai jumla ɗaya a wasiƙarki da na daɗe ina dubawa: wata uku bayan haihuwa, ba barci, ba ci, kina ganin 'yarki za ta huta in babu ke. Uwa mai cikakkiyar lafiya ba ta wannan lissafi. Wannan ciwo ne sananne, ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu a ƙasashe masu tasowa. Ba zan ce duk mai damuwa an ɗauke masa alƙalami ba, ciwon hawa-hawa ne. Amma idan ya yi tsananin da mutum ya daina auna abu yadda yake, to laifinsa na raguwa gwargwadon abin da ya rasa na hankali, har ya kai inda babu laifi sam. Ina kika tsaya a wannan ma'auni ranar? Allah ne ya sani, shi ya fi ki sanin halin da kike ciki. Ki yi istigfari ki wuce, kada ki zauna kina tuhumar kanki dare da rana, domin wannan tuhumar ita kanta tana cikin alamomin ciwon.

A kan wannan jumla ne hukuncin sallolinki ma ya rataya. Da a cikin jinin biƙi abin ya faru, da babu magana, amma wata uku ya wuce iyakarsa ta kwana sittin a wajen Malikiyya. Asali dai wanda ya suma ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana sume, haka yake a Risala, kuma Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya suma bai rama ba. Hambaliyya na cewa a rama duka. Sai dai malamai sun ware wanda ya gusar da hankalinsa da gangan ta hanyar haram, kamar mashayi, suka ce shi zai rama. Shin ke kina cikinsu? Abin da ya rinjaya a wajena ba kya ciki, saboda ciwon da ya rigayi aikin, balle kwana biyun da likitoci ne suka sa ki barci don ceton rai. Ban wajabta miki ba. In zuciyarki ta ƙi natsuwa, salla ashirin ce, ki rama a hankali idan ƙarfi ya dawo, ko a zaune. Inda mutane ke sakaci shi ne kwanakin bayan farfaɗowa: in akwai sallolin da kika bari kina farke a gadon asibiti, saboda robar ƙarin ruwa ko rashin tsarkin tufafi, waɗannan ramuwarsu dole ce. Yanzu kuma ki yi salla yadda jiki ya ba ki dama, a zaune ko a kishingiɗe, da taimama idan alwala ta gagara.

Maganar barin magani ita ta fi tayar min da hankali, domin ita ce za ta iya kashe ki. Ruƙya da Alƙur'ani gaskiya ce, ki yi wa kanki safe da yamma, Fatiha da Falaƙi da Nasi, ba sai an kai ki inda za a yi miki hayaƙi ko duka ba. Amma wanda ya koya mana ruƙya shi ne ya ce bayin Allah ku nemi magani. Nana A'isha ta ruwaito cewa talbina, wani kunun sha'ir, tana sanyaya zuciyar majinyaci tana tafiyar da sashen baƙin ciki. Ke nan tun daga bakin Annabi an san ana taɓa baƙin ciki ta hanyar jiki. Magungunan damuwa ba sa nuna aikinsu nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida, kuma likitoci kan so a ci gaba da su aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Mai yanke su don ya ji dama-dama kamar mai kwance ɗori ne tun ƙashi bai haɗe ba. In suna sa ki jiri ko yawan barci, ki faɗa wa likita ya sauya. Ki gaya masa kina shayarwa, akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. In azumin Ramadan ya zo likita ya ce ki sha azumi, ki sha ki rama daga baya.

Raunin ƙafafun nan ma kada ki ɗauke shi azaba ce aka fara yi miki tun a duniya. Irin wannan guba tana taɓa jijiyoyi, wani lokaci sai bayan mako ɗaya zuwa uku raunin ke bayyana. Ki koma a duba ki, ki lazimci masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, sauƙinsa a hankali yake zuwa, wata da watanni. In kika ji numfashi na yi miki wuya ko kin kasa ɗaga wuya, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Bari in faɗa wa masu karatu a nan: al'adar ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara don ya yi amai tana iya tura abin cikin huhu. A ɗauke shi a yi asibiti kawai, a tafi da kwalbar don likita ya gani.

Tunanin zai iya dawowa, 'yata, gara in faɗa miki tun yanzu. Dawowarsa ba ta rushe tubarki, Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ba. Idan ya zo, ki karanta addu'ar da Anas ya ruwaito: Ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare ni. Sannan ki tashi ki faɗa wa wani a take, maigidanki ko mahaifiyarki, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Faɗa wa likita ko na kusa da ke ba tona asirin kai ba ne, neman magani ne. Sauran jama'a kuwa ba su da haƙƙin jin labarinki, ki bar suturar da Allah ya yi miki. Watannin farko bayan sallama su ne mafi haɗari, amma bincike ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira ba ta wannan hanya suke mutuwa ba. Suna warkewa, su raini 'ya'yansu, su aurar da su.

Kai kuma maigida, Allah ya saka maka da gudun da ka yi da ita asibiti. Ka koma ɗakin matarka, halalinka ce. Ka fitar da maganin ƙwari da na ɓera daga gidan gaba ɗaya, magungunanta su zauna a hannunka kana ba ta na kowace rana. A samo wadda za ta riƙe jaririya da dare don ta samu barci, in kuma ta fi son ta je gidansu ta yi jinya, ka bar ta ka riƙa zuwa. Ka tambaye ta kai tsaye ko tunanin ya dawo, tambaya ba ta dasa shi. Ka yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, ka roƙe ta a daina zancen a tsakar gida, gori ɗaya na iya rushe jinyar wata uku. Ranar komawa asibiti kada ta wuce ko da bashi za ka ci. In inda kuke babu likitan ƙwaƙwalwa, akwai a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

Shi kuma malamin unguwa, a kai masa hadisin Ɗufail ya duba da kansa a Kitabul Iman na Muslim, a yi masa magana a keɓe ba tare da cin fuska ba. In ya janye, ya je ya faɗa wa surukarki da bakinsa, tunda daga bakinsa ta ji.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raya miki 'yarki. Wallahu a'alam.