Hirar askirim da sadaka za ta koya min Turanci kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni dai so nake in gyara Turancina saboda ina neman aiki, in na shiga intabiyu sai kalmomin su gudu daga kaina. Wata ƙawata ta turo min wani darasi na sauraro a waya, mutum biyu ne kawai suke hira, ɗaya na ba ɗaya labarin yadda suka sayar da askirim suka tara kuɗi aka kai wa wani asibitin yara, a ƙarshe suka tsamo wasu kalmomi suka yi bayaninsu. Gaskiya ni gani nake kamar wasan yara ne, me ya haɗa askirim da neman aiki? Ba gara in ɗau dikshinari in riƙa haddace kalma 20 kullum ba? Don Allah a ba ni shawara. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, amin na gode. Don Allah kar ki goge darasin nan, ƙawarki ta yi miki gata. Haddar kalma 20 kullum daga dikshinari kuma ban ba ki shawara ba sam, za ki sha wahala sati biyu ki dawo ki ga ba abin da ya zauna, ki ce ƙwaƙwalwarki ce ba kyau alhali hanyar ce ba ta dace ba.

Kin ga ita kalma kamar mutum ce, da abokan tafiyarta ake gane ta. Ɗauki "raise". Dikshinari zai ce miki ɗagawa, shikenan ki rufe. Amma a hirar nan na tabbata kin ji an ce "we raised money", ma'ana mun tara kuɗi don wata manufa, kuma haka masu harshen suke faɗa, wanda ya haddace "raise" ita kaɗai da "money" ita kaɗai ba zai taɓa tunanin ya haɗa su ba. Haka "make a donation", da "make" ake faɗinta, in kika ce "do a donation" za a gane ki amma nan take kunne zai ji da gyara. Akwai "the proceeds go to charity", wato kuɗin da aka samu daga cinikin za a ba ƙungiyar agaji, akwai "for a good cause" wato don wani aikin alheri, akwai "volunteer" mai aikin sa kai, akwai "fundraiser" wadda tana iya zama taron tara kuɗin tana kuma iya zama mutumin da ke tarawa, sai jimlar ce za ta nuna miki wanne ake nufi. To ki duba da kyau, waɗannan ai su ne kalmomin ofis, su za ki gani a tallan guraben aiki na ƙungiyoyin agaji da rahotanninsu, kuma in aka ce miki a intabiyu ki faɗi wani aiki da kika taɓa yi tare da jama'a, da su za ki amsa.

Shi kuma askirim ɗin aikinsa daban, shi ke riƙe miki hankali. Abu ne da kike gani da ido, kin san sanyinsa kin san yadda yake narkewa ya gangaro wa yaro a hannu har gwiwar hannu in bai yi sauri ba, to in kika ji "it's melting" a daidai wannan wurin ba kya buƙatar a fassara miki, kuma daga baya in kika ji an ce ƙanƙarar teku na "melting" a labaran sauyin yanayi kin riga kin san ta. "Scoop" kuma cokali guda ne na askirim, "two scoops" biyu kenan, "cone" wannan biskit ɗin mai tsini da ake ɗora shi a kai, "flavour" irin ɗanɗanon, wadda 'yan Ingila ke rubutawa da u 'yan Amurka su cire ta. Har nahawu ma yana shigowa ba tare da an zaunar da ke a aji ba, "I like ice cream" askirim gaba ɗaya ake nufi, "I bought an ice cream" guda ɗaya ne a hannu. Ni wadda ta fi burge ni ita ce "my treat", in mutum ya faɗa miki haka yana nufin shi zai biya, ki mayar da jakarki.

Kuma kar ki ɗauka masu darasin ne suka ƙirƙiro haɗin askirim da taimako don su ba ki dariya, abu ne da ake yi a can. Kamfanin Ben & Jerry's mai yin askirim da aka kafa a 1978 a garin Burlington na jihar Vermont a Amurka, tun 1979 ya fara ware rana guda yana raba askirim kyauta, a 1985 kuma ya buɗe gidauniya ya riƙa zuba mata kashi 7.5 cikin 100 na ribarsa kafin cire haraji. A Ingila ma in kika ji "charity shop" shago ne da mutane ke kai kayansu na gwanjo kyauta a sayar kuɗin ya tafi agaji, ƙungiyar Oxfam da aka kafa a Oxford a 1942 ta shahara da irinsu. Wanda ya san wannan in ya ji hirar ba zai ruɗe ba, al'adar masu harshen ma ɓangare ne na harshen.

Batun yawan kalmomi kuwa ki kwantar da hankalinki. Paul Nation, wani farfesa a New Zealand da ya daɗe yana bincike a kan koyon kalmomi, ya ƙiyasta cewa dangin kalmomi (wato kalma da 'ya'yanta, kamar "melt" da "melting") 6,000 zuwa 7,000 sun isa mutum ya fahimci kashi 98 cikin 100 na Turancin baka, kuma dubu biyun farko su ne suka fi yawo a kowace magana. Akwai jerin muhimman kalmomin Turanci da ake kira Oxford 3000 kyauta a intanet, ki riƙa dubawa, in kalmar da kika tsinta tana ciki ki ba ta muhimmanci.

Abin da ya fi cutar da masu koyo shi ne su ji sau ɗaya su wuce. Tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take faruwa, cikin sa'o'i da kwanakin farko, shi ya sa maimaici a rarrabe ya fi zama ɗaya mai tsawo. Don haka ki fara jin hirar ba tare da kin duba rubutu ba, ko rabi kika gane ba komai, sai ki sake ji kina bin rubutun da ido in akwai shi, sannan ki ɗau littafi ki kwafe jimlar gaba ɗayanta ba kalmar tsirara ba. Gobe ki dawo kanta, bayan kwana uku ki sake, bayan sati ki sake. Kuma ki buɗe baki ki faɗa da ƙarfi, tunda matsalarki a intabiyu ta baki ce ba ta ido ba, ki ɗauki muryarki a waya kina ba da labarin hirar da bakinki na minti ɗaya ki tura wa ƙawar nan taki ta saurara, ita ma ta turo miki nata. In kun gama da wannan ku nemi wata hirar a kan wani batun daban, amma kar ku wuce kalma shida zuwa takwas a zama ɗaya.